Gashin Jiminar Alakos da Hulunan Matan Landan

A ƙasarmu ta Alakos, saurayi ɗan shekara 30 bai taɓa ganin jimina tana sheƙa gudu a daji ba. Sunanta ya sani. Ya ga ƙwanta a ƙolin wani tsohon ɗaki, wataƙila kuma an taɓa shafa wa kakarsa wani mai a gwiwa, mai maganin yana rantsuwa man jimina ne. Tsuntsuwar kanta kuwa babu ita. Ni na riske ta ina yaro, 'yan garke ƙanana a dajin arewa da Garazu, da na girma kuma na kama aikin malamin dabbobi tsakanin Gure da Tanut da Taskar, a kan idona ta ƙare. Takan faɗo mini a rai duk lokacin da na ji 'yan boko a rediyo suna maganar cuɗanyar ƙasashen duniya kamar wayar hannu ce ta kawo mana ita. Tun kakanninmu ba su san akwai wani gari wai shi Landan ba, farashin Landan ke yanke musu ko za a yi sabuwar riga bana ko sai baɗi. Gashin jimina ne ya haɗa mu da su.

Alakos tana arewa maso yamma da Gure, Kutus na gabas da ita, Damargu na yamma. Ƙasa ce ta bakin daji: nan gonar gero ta ƙarshe take, in ka ƙara gaba sai makiyaya da rairayi har Tarmit. Mutanen ƙauyukanmu galibi Dagira ne, reshen Barebari, manoma kuma maharba. Tare da su akwai Abzinawan Imakitan, waɗanda a wancan zamani su ke da takobi da raƙumi, suna karɓar rabonsu na hatsi da kaka, su kuma tsare gari daga harin wasu. Fulani na zuwa da shanu, Tubawa na leƙowa daga gabas, Bahaushe na zuwa da jakinsa da mudunsa ranar kasuwa. Mahaifiyata Badagira ce, kakata ta wajen uba Buzuwa. A gida Barbarci muke yi, a bakin rijiya Buzanci, a kasuwa Hausa, a lakwal Faransanci. Ba wanda ya taɓa ce mini in zaɓi ɗaya sai ranar da aka zo cika takarda.

Tun kafin Turawa su ɗora mata ido, jimina tana da darajarta a gida. Tarihin Kano ya jingina figini da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har gobe kuma Sarkin Kano na saka irin takalmin nan in zai fito. 'Yan lifidi na soka gashin a kwalkwali, ƙwan a huda a ɗora a ƙolin ɗaki ko masallaci, man kuwa na masu ciwon gaɓoɓi ne. Sai dai sarakuna nawa ne a ƙasar Hausa da Barno? Buƙatarsu ba ta kai ta girgiza daji ba.

Abin ya sake ne wajen 1870, lokacin da matan Faris da Landan da Niyok suka ɗauki yayin manyan huluna masu gashin tsuntsu. Hanyar kai musu kuwa tana nan tun da can: daga Tarabulus a bakin teku, wadda Turkawa ke mulki kai tsaye tun 1835, a bi ta Gadamus da Gat, a ratsa duwatsun Abzin, a gangaro Damargu, a shiga Damagaram, a sauke a Kano. Tafiyar watanni ce. A da bayi ne babban kayan da ke hawa arewa ta nan. Da Sarkin Istambul ya fitar da dokar hana cinikin bayi a 1857 bisa matsin Ingila, cinikin bai mutu nan take ba, amma fatake suka shiga neman abin cike gurbi: hauren giwa, jan kirgi, sai gashin jimina, wanda ba shi da nauyi, ba ya cin abinci a hanya, ba ya kuma gudu. Sarkin Damagaram Tanimun, da ya yi sarauta har 1884, ya buɗe wa Larabawa ƙofa, Zinder ta zama babban zango. A Damargu, garin Jajiduna ya zama mazaunin wakilan Gadamusawa, daga nan yaransu ke bin ƙauyuka da kaya suna neman gashi.

Ku dubi hannuwan da gashi ɗaya ke bi. Badagire ya harbo, dillali Bahaushe ya yi ciniki, Bagadamushe ya biya da kayan da shi ma bashinsu ya ɗauko a Tarabulus. Abzinawan Kel Ewe su ɗora a raƙumansu, su ne masu hanya, su ne masu rakiya. A Tarabulus gidajen Yahudawa irin su Arbib da Nahum su kwance ƙunshin, su wanke, su ware fari da baƙi, dogo da gajere, su sa a jirgin ruwa zuwa Liborno ko Marsai, daga can sai Faris da Landan inda ake gwanjonsa. Abin da ke dawowa kudu shi ne farin yadin Manchesta, sukari, shayi, takardar rubutu ta Italiya, tsakiya, turare da ruwan takobi. Musulmi da Bayahude da Kirista, duk a kan amana da bashi. Mai harbi bai san mai hula ba, mai hula ba ta ma san akwai shi ba.

Kakata ta wajen uwa 'yar maharbi ce, daga bakinta na ji yadda ake yi. Farautar jimina ta bazara ce. Sai rana ta take, ƙasa ta ɗau zafi, mahaya su raba kansu zango-zango, wannan ya koro ta har dokinsa ya gaji, wancan ya karɓa, har numfashinta ya ƙare. Wanda ba shi da doki sai ya kafa tarko kusa da inda take ƙwai, ko ya ɗaura kan burtu ya yi ta rarrafe da kibiya mai dafi. Namijin ake nema, mai jan wuya, baƙin jiki, farin fiffike da wutsiya; gashin macen toka-toka ne, kuɗinsa kaɗan. Ana feɗe fatar ɗungurungum da gashinta, a kiyaye kada jini ya taɓa farin, domin ɗigo ɗaya na karya kuɗi. Wasu gidaje kuma sukan kamo 'yan tsaki, a kewaye musu da zana a bayan gida, a ba su dusa da ganye, in gashi ya nuna a fige.

"Jikana," in ji ta, "shekarar da gashi ke kuɗi, har bara sai ya naɗa rawani. Shekarar da ya faɗi, Balarabe ya zo ya zauna a ƙofar gidanmu da takardarsa. Babanmu na ba shi haƙuri, shi ma Balaraben idonsa ya kawo ruwa, wai na Tarabulus na can na jiransa."

A wancan tsari sunan ƙabila kusan sunan sana'a ne, ƙofarsa kuma ba a kulle take ba. Buzun da ya zauna gona a Damargu ko a ƙasar Kano, jikansa sai ya tashi Bahaushe. Agalawa da Tokarawa, fataken goron da suka cika hanyar Gwanja, asalinsu mutanen Abzin ne da suka gangaro kudu, gidan Alhassan Ɗantata ma daga Agalawa ya fito. Kada a ɗauka zamanin jin daɗi nake faɗa. Akwai bauta, akwai hari, manomin Alakos da kunne ɗaya yake barci. Amma mutum na iya shiga wata al'umma ta hanyar aure ko sana'a ko daɗewar zama, ba mai rubuta shi a inda zai dawwama.

Bugun farko ya zo daga inda ba wanda ya zata, daga ƙarshen kudancin Afirka. A 1865 jiminar gida 80 kacal aka ƙirga a ƙasar Kef. Turawan can suka kewaye filaye da waya, suka shuka mata ciyawa, wani mai suna Arthur Douglass ya ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a 1869. Mu muna bin ta da doki, su suna yankan gashi a garke tsuntsuwa na raye, bayan 'yan watanni wani ya tofo. Kafin shekara 20 gashinsu ya cika gwanjon Landan, a tsakiyar shekarun 1880 farashi ya rushe. Gwamnatin Kef kuwa ta san abin da take tsaro: a 1884 ta sa harajin fam 100 a kan duk jiminar da za a fitar da rai, fam 5 a kan kowane ƙwai. Karyewar ta fara a Tarabulus, ta bi ta Gadamus da Jajiduna, ta sauka a ƙofar gidan maharbi. Iska na wahalar da mai kayan kara. Fatake suka karkata ga fatun awakin da ake jemewa a Kano da Sakkwato, waɗanda Amurka ke saye.

Bugu na biyu na siyasa ne. Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Babu Badamagare ko Ba'abzine ko ɗaya a wurin. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, a 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa. Da Faransawa suka duba rabonsu suka ga babu hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Zinder, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka tura layin kudu kaɗan. Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka har 148. Zinder da Kano, zango biyu na hanya ɗaya, suka zama ƙasa biyu. Ayarin da ya taso daga Tarabulus a lokacin tuta uku yake ratsawa: ta Turkawa har Gat, ta Faransa daga Abzin zuwa Damagaram, ta Ingila a Kano, kowace da harajinta da zarginta. Faransawa na kallon fataken arewa a matsayin 'yan leƙen asirin Turkawa da ɗarikar Sanusiyya, suna kuma ƙwace raƙuman Abzinawa don jigilar sojansu. A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, babban attajirin Zinder Malam Yaro ma bai tsira daga kamun ba.

Shekarar 1911 ita ta haɗa komai. Yayin huluna ya dawo da ƙarfinsa, gashin jimina ya zama na huɗu cikin kayan da Afirka ta Kudu ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu, zuwa 1913 jiminar gidansu ta haura dubu 700. Duk da haka hankalinsu bai kwanta ba. Amurkawa sun fara kiwo a Kalifoniya da Arizona, dillalan Landan kuma sun san akwai wani gashi mai cika da sheƙi da ke fitowa ta Tarabulus, wanda na Kef bai kamo ƙafarsa ba. Gwamnatinsu ta tura wasu mutane a asirce ƙarƙashin Russell Thornton su nemo tushensa. Suka sauka a gaɓar Najeriya, suka hau har Kano, suka zauna suna duba ƙunshin fatake ɗaya bayan ɗaya, har suka gane daga ƙasar Zinder da arewacinta yake zuwa, wato dajinmu. Da Faransa ta ji, sai ta hana fitar da jimina mai rai daga yankinta. Tsuntsuwar da ba ta san layi ba ta wayi gari talakar Faransa. Mutanen Thornton dai sai da suka tara wajen 150, aka kai su jirgin ƙasa aka sauke a Ikko, 140 suka isa Kef a 1912.

A shekarar nan dai ta 1911 dogo ya iso Kano, a watan Oktoba kuma Italiya ta ƙwace Tarabulus daga hannun Turkawa. Kayan da raƙumi ke kai wa teku cikin watanni, jirgin ƙasa ya kai shi Ikko cikin kwanaki, a kuɗi kaɗan. 'Yan kasuwar Tarabulus da kansu suka zagayo ta teku suka zauna a Kano. Ɗayansu, Saul Raccah, daga baya ya shiga sahun manyan masu sayen gyaɗa. Mu da muke tsakiyar hanya muka koma ƙarshenta.

Su ma masu nasarar ba su daɗe suna dariya ba. A 1914 kasuwar gashi ta yi faɗuwar da ba ta tashi ba. Yaƙin duniya ya ɓarke, matan Turai suka shiga aiki da makoki, ga mota marar rufi ta zo wadda babbar hula ba ta zama a kai in ana gudu, ga masu kare tsuntsaye suna ta yekuwa. A garin Oudtshoorn, inda manoma da dillalai Yahudawan Lituweniya suka yi arziki har aka gina manyan gidaje da kuɗin gashi, attajirai suka wayi gari cikin bashi. Tsuntsayen da aka sha wahalar kwasowa daga nan ba su yi wa kowa rana ba. Mu kuwa a lokacin ba ta gashi muke ba. Daminar 1913 ta ƙi, yunwar Kakalaba ta shigo, kakata ta ce jiminar bayan gidansu a shekarar aka yanka ta don nama.

Yaƙin na Turai bai tsaya a Turai ba. Turkiyya ta bi Jamus, Sanusiyya ta bi Turkiyya. A Disamba 1916 Kawusan, Ba'abzinen Ikazkazan haifaffen Damargu, ya gangaro daga arewa da bindigogi da igwar da aka ƙwato daga Italiyawa, ya kewaye barikin Faransa a Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. A Maris 1917 dakaru daga Zinder suka karya kewayen, Ingila kuma, da jiya take jayayya da Faransa kan layi, ta agaza mata daga Najeriya. Abin da ya biyo baya kowane gidan Abzinawa na da labarinsa: an kashe malamai a Agadas, an kwashe mutanen duwatsu, an ƙwace raƙuma, dubbai suka gudu ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato. Daga nan amawali da takobi suka zama abin tuhuma a idon kwamanda.

Mulkin Nasara da rajista ya zo. Mai gona a rubuta shi ƙarƙashin sarkin kanto, mai garke ƙarƙashin arɗo ko tambari, kowa da ƙabilar da aka liƙa masa a takardar haraji. Gidan da ke noma da damina, ya bi ayarin Bilma da kaka, ya yi kiwo da rani, sai aka ce ya zaɓi layi ɗaya. Rijiyar da kowa ke sha bisa al'ada ta koma ta 'yan wannan takarda ko ta 'yan waccan. Rigingimun manoma da makiyaya da na sha zama a kansu, in ka tone da yawansu, rajistar nan za ka tarar a gindi. Gyaɗa ta gaji gashi, amma gyaɗa ta kudu ce, ta Magarya da Matamaye, mu ruwanmu bai kai ba. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai. A shekarun 1950 Faransa ta shirya fitar da gyaɗar Nijar ta Dahome, mota zuwa Paraku, dogo zuwa Kwatano, don a rage bi ta ƙasar Ingila, alhali Kano na bakin ƙofa. Abin da ya rage mana shi ne gero da dabba da cin rani, da farko Kano, daga baya Libiya.

Jimina ta tsira daga huluna, ba ta tsira daga mota da bindiga ba. Farin 1973 da na 1984 suka cinye ciyawa, makiyaya suka matsa cikin dajin da take ƙwai, masu hali suka riƙa bin ta da mota: abin da dawaki ke yi a wuni, mota ta yi shi kafin a sha shayi. Mariri, wanda da fatarsa ake garkuwar Abzinawa, tare suka tafi. Babban garke na ƙarshe, fiye da 1,000 a Abzin, ya ƙare a hargitsin tawayen shekarun 1990, tawayen da shi ma ya samo tushe daga fari da gudun hijira zuwa Libiya da Aljeriya da gardamar waye ɗan ƙasa na gaske. Yau mai son ganin jimina mai jan wuya a yankinmu sai ya je Kelle, nan maƙwabtanmu a Kutus, inda ake kiwon 'yan kaɗan cikin waya da haɗin gwiwar mutanen wurin da ƙungiyar Sahara Conservation. A Oudtshoorn kuwa manoman da suka rage sun haɗa ƙungiya a 1945, daga baya suka koma kan fata da nama, har yau su ke riƙe da kasuwar jimina ta duniya. Ba wayo suka fi mu ba. Ƙasar da suka yi kiwon ta baƙaƙe ce aka ƙwace, ƙwadagon ma na baƙaƙe ne, amma suna da gwamnatin da ke sa haraji don ta tsare musu tsuntsu, ta tura ayari don ta gyara musu iri. Mu gwamnatin da ke kanmu ta wasu ce, ta tsare tsuntsun ne kawai don kada abokin hamayya ya samu.

Yanzu wani kaya ne ke ratsa dajin gabashin Damagaram, a ƙarƙashin ƙasa. Tun 2011 bututu mai tsawon kilomita 462 ke kawo ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar SORAZ a arewacin Zinder, wadda kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60 a ciki, Nijar 40. Na biyu, kusan kilomita 2,000, ya nufi Seme a gaɓar Benin, tsohuwar Dahome, wajen da aka taɓa karkatar da gyaɗa. Jirgin ruwan farko ya yi lodi a Mayu 2024 ana tsakiyar rikici tsakanin Yamai da Kwatano, a watan Yuni kuma 'yan tawaye suka fasa bututun a yankin Taskar. Farashin ganga kuwa a kasuwar Landan ake faɗinsa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Waɗanda suka yanke hukuncin a Abuja sojojin Yamai suke nufi. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai raguna na Alakos da ke kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da matar da magani ya fi ƙarfin aljihunta. Dabbobi ba su daina tsallakawa ba, ta ɓarauniyar hanya suka koma da dare, rabon makiyayi ne ya ragu. Abin da ya riƙe cinikin shi ne abin da ya riƙe shi a zamanin Gadamusawa: maigida a Maigatari da ya san ubanka, ya karɓi dabba yau ya aiko da kuɗi jibi. Da ake kaɗa gangar yaƙi ma, irin wannan zumunci ne ya yi aiki. Muhammadu Sanusi na II ya shiga wurin Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, tare da Sarkin Damagaram a watan Agusta, lokacin da aka hana jakadu ganinsa, malaman Najeriya suka biyo baya, sanatocin arewa kuma suka ƙi amincewa a kai wa dangi hari.

A Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, a Maris kuma sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna, ni da na sha bulala a lakwal saboda an ji ni ina Hausa a aji. Amma ina tuna yadda Hausa ta kai inda ta kai. Ciniki ne ya kai ta: Badagire da Buzu da Batube da Balarabe suka ɗauke ta don su fahimci juna a kasuwa, ba wanda ya ce su ajiye nasu. In ta zama sabuwar rajistar da za a auna wa ya fi wani zama ɗan ƙasa da ita, mun koma gidan jiya.

Saboda haka in na ji ana kirarin 'yancin kai, tambayoyin da cinikin gashin nan ya bar mana nake yi. Wa ke yanke farashin abin da ke fita daga ƙasarmu, nawa ne kuma ke komawa ga mazauna wurin? Mai ba ya ƙyanƙyasa. In ya ƙare, ko duniya ta sake yayi kamar yadda ta yi a 1914, me aka ajiye? In manya sun ɓata, wa ya ba su ikon rufe hanyar Kano, wadda ta girmi tutocinsu duka? Sauya abokin ciniki daga Faris zuwa Beijin ko Mosko bai amsa ko ɗaya ba. Za a amsa su ne ranar da mai raguna na Alakos ya san farashin Maigatari da na Ikko kafin ya saki igiya, yana da ƙungiyar da za ta tare masa kada ya sayar a wulaƙance, wakilin da ya aika Yamai kuma zai iya tambayar ina kuɗin mai ya shiga a ba shi amsa da lissafi.